Baba Iro maƙerin fari da munduwar Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Iro maƙeri ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo wayata ta yi ƙara, na ɗauka da hannun hagu don na dama duk gari ne. Saratu ce, babbar 'yarsa, daga Zakka. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya, Baba fa ya cika, bayan an sauko daga sallar asuba."

Na ce, "Wane Baban?" Alhali na sani sarai.

Har yanzu rariyar tana nan inda na aje ta. Kaji sun samu rabonsu, ban ma iya korarsu ba.

Kafin in ci gaba ina roƙon abu ɗaya. Kada wani ya zo ƙarƙashin rubutun nan ya jefa mini haruffan Turanci uku ya wuce. Musulmi ne ya rasu, dattijo, mai iyali. In za ka yi masa addu'a ka yi ta cikakkiya. Masu tambayar hoto kuma ku yi haƙuri, ba ni da shi. Bai taɓa yarda an ɗauke shi ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Iro maƙerin fari ne, wato ba ya ƙera fartanya ko gatari, azurfa ce aikinsa. Mutumin Zakka ne a ƙasar Safana. Duk ranar kasuwar Batsari yakan zo a kan mashin da buhun kayan aikinsa, ya zauna a bayan rumfar teloli, ya hura ɗan gawayinsa.

Sabuwar azurfa ba ta cika shiga hannunsa ba. Tarkace muke kai masa. Ɗan kunnen da ɗan uwansa ya ɓata, zoben da ya tsage, sarƙar da yaro ya fizge. Ya narkar, ya fitar miki da abin da za ki sa ki shiga biki.

Abubuwa da yawa na gani a wurinsa da ban gani a wurin masu sana'ar yanzu ba.

Bai taɓa riƙe hannun matar wani da sunan awo ba. Sai ya tsago kaba ya aje a kan tabarma, ke ki ɗauka ki naɗa a hannunki, ki sa farce inda ta haɗu, ki aje masa. Ku je ku ga yadda yaran shaguna suke kama yatsun 'ya'yan mutane suna murmushi, wai gwajin zobe. Allah ya shirye su.

Idan yana goge aiki da magagari, akwai wata tsohuwar fatar akuya da yake shimfiɗawa a cinyarsa. Duk garin azurfar da ya zubo a kanta yake sauka. In ya gama sai ya tattara shi da gashin kaza, ya ƙulle a 'yar takarda ya miƙo miki tare da kayanki. Na taɓa ce masa, "Baba, wannan ƙurar me zan yi da ita?" Ya ce, "Ki aje. Ni dai ba za a tashe ni da ita ba ranar gobe."

Kuma kafin ya yi wa abu zane sai ya tambaya, "Hannun nan wane aiki yake yi?" Mai daka da wanke-wanke ba ya yi mata abu sumul, don ya ce kafin wata ya zagayo duk ya kakkarce ya yi muni. Sai ya bubbuga masa zane. Yana da ƙusa da ya dasashe bakinta, da guntuwar wayar ƙafar keke, da wata 'yar guduma da ya tsattsaga fuskarta da gangan. Da su yake fitar da ɗigo-ɗigo, ko layi-layi kamar kunyar gona, ko wani irin roɗi-roɗi kamar bayan kada. Abin da aka yi wa haka, ko ya gogu da turmi ba a gani.

Ni yana kirana Alƙaliya, wai kullum na zo da hukunci a bakina. Ban taɓa musa masa ba.

Amma ba don waɗannan nake rubutun nan ba. Don Inna ne, mahaifiyata.

Waɗanda suka san mu sun san asalinmu wani ƙauye ne a bayan Ruma. Aure ne ya kawo ni Batsari. Inna tana can a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta, har shekarar da 'yan bindiga suka tashi garin. Ƙanena Lawal ne ya goyo ta a mashin ya kawo mini ita, daga ita sai zanen jikinta. A bayansu aka sa wa gidan wuta.

Inna tana da wata munduwar azurfa da uwarta ta sa mata ranar da za a kai ta ɗakin miji. Ban taɓa sanin hannunta na dama babu ita ba. Tun ina ƙarama, in ta dafa mini goshi ta ji ko da zazzaɓi, sanyin munduwar nake fara ji. Da yanar ido ta rufe mata gani, sai ya zama in tana zaune babban yatsanta na hagu yana kan munduwar yana zagayawa, kamar mai jan carbi.

Ƙaddara ta sa ana gab da tashin garin kunama ta harbe ta a wannan hannun. Ya kumbura, aka zare munduwar da sabulu, ta jefa ta a cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Kumburin bai saɓe ba aka gudu.

Da ta zo gidana na ba ta ɗaki, na ba ta katifa sabuwa, na yi mata duk abin da 'ya take yi wa uwa. Inna ta juya wa ƙofa baya. Tuwo in an kai haka za a ɗauko shi. Koko sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Yatsan nan kuwa yana kan hannun da babu komai, yana zagayawa, yana zagayawa, har fatar wurin ta yi ja ta saɓule.

Magana ɗaya ce a bakinta: "Ku mai da ni. Na bar abu a ɗaki."

Na ce, "Inna, ki ji tsoron Allah. Mutane sun bar 'ya'yansu a can cikin ƙasa, ke kina maganar ƙarfe?"

Ta ce, "Ke dai ba ki sani ba."

Wata safiya na shiga kai mata ruwan wanka na tarar babu kowa. Maƙwabcinmu ne ya gan ta can bakin hanyar Ruma da sandarta, tana tare masu mashin tana tambayar wa zai kai ta. Tsohuwar da ba ta ganin gabanta, a hanyar da maza masu ƙarfi suke karanta duk abin da suka haddace kafin su hau. Ya lallaɓo ta ya dawo da ita.

Daga ranar na san ɗayan biyu ne. Ko yunwa ta kashe mini uwa a cikin ɗakina, ko wata rana ta samu mai mashin marar hankali ya ɗauke ta.

Lawal ya ce bari ya gwada. Ya bi ayarin masu zuwa duba gonaki da rana tsaka, ya tona tokar ɗakin Inna da hannunsa. Ya dawo da wani baƙin dunƙule kamar kashin awaki da ya haɗe, duk yashi da ɓarɓashin kwalla sun manne a jiki. Wutar jinka da azara ta narkar da munduwar.

Muka sa wa Inna a tafin hannu. Ta shafa sau ɗaya ta saki ya faɗi ƙasa. Ranar ko kokon ba ta kurɓa ba.

Ranar kasuwa na ƙulle shi a bakin mayafi na nufi bayan rumfar teloli.

Bayan mun gaisa, ya tambayi maigida, ya tambayi yara, ya tambayi jikin tsohuwa, na kwance na aje masa. Ya juya shi, ya ɗan karce gefe da magagari. Wani fari ya leƙo daga cikin baƙin.

Ya ce, "Alƙaliya, tana nan da ranta. Amma in na wanke mata dattin nan ba za ta kai munduwa ba, sai an yi mata ƙari."

Na ce, "To ka ƙara daga taka mana."

Ya ce, "A'a. Tawa tarkacen mutane ce da na saya, ban san hannuwan da ta bi ba. Abin da za a mayar hannun tsohuwa, ki nemo mashi daga cikin gidanku."

Haka na bi dangi. Na fito da ɗan kunnena na aure guda ɗaya da ya yi saura. Matar Lawal ta kawo zoben da ya matse ta tun haihuwar fari. Gwaggonmu da ke gudun hijira a Safana ta aiko da wani maɓallin azurfa na tsohuwar rigar mijinta. Har ƙullin garin azurfar nan da Baba ya riƙa ba ni ina jefawa a gwangwanin allura, ranar ya yi amfani.

'Yata Nana, lokacin tana aji biyar a sakandare, ita ma ta tashi da ƙarfinta ta ciro sarƙar wuyanta da ta tsinke, wai orijinal ce, ƙawarta ce ta sayo mata a Katsina. Na tafi da ita kasuwar don ta gani da idonta.

Baba ya zube kayan a kan fata. Ya ɗauko wani maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar rediyo ya wuce da shi ta sama. Komai ya kwanta shiru. Sarƙar Nana ta yi tsalle ta manne.

Ya ce, "Jikata, wannan taki ai ta fi son maƙeran baƙi. Ki kai masu su ƙara a bakin fartanya."

Teloli suka kwashe da dariya. Nana ta rufe fuska da hijabi. Ni ban yi dariya ba, na ce mata ta dai gani, ba duk abin da ƙawa ta yaba ake ratayawa a wuya ba. Sai Baba ya tsinci wani ɗan guntun azurfa daga cikin namu, ƙarami kamar ƙwayar gero, ya ce, "Zo ki jefa wannan da hannunki, kada a ce babu ke a ciki." Ta jefa a kaskon narkarwa tana share hawaye.

Bai yarda na matsa ba sai da aka narkar a gabana. Ya ce mai abu ya tsaya a kan abinsa, shi ne zaman lafiyar kowa. Ya barbaɗa sinadarinsa, ya kama zugazugi. Ina kallo baƙin dunƙulen nan ya yi ja, ya saki jiki, dattin ya taso sama ya kwashe shi da tsinken ƙarfe. Abin da ya rage yana rawa a gindin kaskon, fari tas kamar wata a cikin rijiya.

Ya zuba a wani dogon rami da ya fafe a jikin bulo, ya huce, ya fara bugu. In ya buga ya buga sai ya mayar wuta, ya tsoma a ruwan tsamiya, ya sake bugu. Na ce, "Baba, wannan komawa wutar ba ɓata lokaci ba ne?" Ya ce, "In ta sha duka tauri take yi. In ba ki bar ta ta huta ba sai ta tsage maki a hannu." Ya ɗan saci kallon Nana, ya kalle ni. Na ce, "Baba, yara ba azurfa ba ne." Ya ce, "Ni ban ce komai ba, Alƙaliya."

Ya tambaye ni zanen tsohuwar munduwar. Na faɗa masa yadda na san ta: ɗigo-ɗigo ne kamar jikin zabuwa, da layi ɗaya a kowane gefe.

Da kasuwa ta zagayo na je na karɓa. Wallahi ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Kowane ɗigo ya zauna a wurinsa, ya shafa baƙin tukunya a cikin ramukan ya goge saman, zanen ya fito raɗau. Na taho gida har ina sauri kamar yarinya.

Na sa wa Inna. Ta ɗora yatsa ta zagaya sau ɗaya. Ta zare ta miƙo mini.

Ta ce, "Wannan ta amarya ce. Tawa ba ta cizo."

Ta juya ta fuskanci bango.

Na koma kasuwar a ranar, raina a ɓace, ina tunanin da wane baki zan gaya wa dattijo an ƙi aikinsa. Na faɗa masa yadda ta ce, kalma da kalma.

Ya shafa munduwar da yatsa, ido a rufe. Sai ya ce, "Gaskiyarta. Laifina ne. Ke na tambaya, ke kuwa da ido kika san ta. Mai abin da hannu ta san ta. Ki roƙar mani maigidanki izini, in an tashi kasuwa zan biyo."

Bayan la'asar sai ga sallamarsa. Ya sauke buhunsa a zaure, maigidana ya shimfiɗa masa tabarma ya zauna a gefe. Da ƙyar na fito da Inna, ina riƙe da ita tana cewa ita ba ta aiki kowa ba.

Ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ake gaida manya, ya yi mata jajen gari, ya yi wa mahaifinmu addu'a. Sannan ya ce, "Yaya, an ce kin kori aikina. Tun da nake ba a taɓa yi mani haka ba, sai matan Ruma."

Inna ta ce, "In aikin kirki ne wa zai kore shi? Ka yi abu duk ƙaya kamar bushiya."

Rabon da in ji ta yi doguwar magana haka tun a ƙauye.

Ya ce, "To ki koya mani."

Ya fito da lallausan yashin rafi a leda, da toka, da guntuwar fata. Ya goga, ya miƙo mini, in miƙa mata, ta shafa. Ta ce nan ya yi, nan bai yi ba. Ta ce gefen da ke kallon turmi ya fi sulɓi, ɗigon wurin kusan ya shafe. Ta ce layin da ke wajen gwiwar hannu ya fi na gaba zurfi. Ta ce cikin ba a miƙe yake ba, ya ɗan kwanta inda ƙashi yake. Shi kuwa yana ta "To, Yaya. Haka ne, Yaya," yana lalata kyakkyawan zanen da ya ɓata kwanaki yana yi, ko a jikinsa.

Ni da na zauna da munduwar nan tun haihuwata, ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Can sai yatsanta ya tsaya a wuri ɗaya yana lalube. Ya wuce ya dawo, ya wuce ya dawo.

Baba ya ce, "Me kike nema a nan?"

Ta ce, "Akwai lotsawa."

Ya ce, "Garin yaya ta lotse?"

Inna ta nuna inda take jin numfashina da haɓa. Ta ce, "Garin wannan mai faɗan. Tana rarrafe, ni da ƙanwar ubanta muna daka, ba mu ankara ba ta dafa turmi ta miƙe ta leƙa kanta ciki. Taɓaryar ƙanwar uban ta riga ta taho. Na kai hannu. A nan ta sauka."



Ban taɓa jin labarin nan ba. Ba ta taɓa faɗa ba, ko da wasa, ko a ranar da na ɓata mata rai. Ina da 'ya'ya har da mai shirin aure, sai ranar na san abin da ya tsaya tsakanin kaina da taɓarya.

Baba ya ɗauki gudumarsa, ya dube ta, ya mayar ya aje. Ya ce, "Wannan ba aikin guduma ba ne, kuma ba aikina ba ne. Alƙaliya, a ɗauko mana taɓarya."

Na ɗauko. Ya zura munduwar a jikin wani guntun icce ya kwantar a ƙasa, ya danne gefe da gefe da ƙafafunsa. Na miƙar da Inna tsaye, na sa mata taɓaryar a hannu, na saita mata bakinta daidai inda ta nuna.

Ta ɗaga ta saki. Ko ƙuda ba zai mutu ba.

Baba ya ce, "Af! Ashe haka matan Ruma ke daka? Shi ya sa ake cewa tuwonku da tsaki. Ko da yake an ce mani ba ki cin abinci, ina za ki samu ƙarfi."

Inna ta ce, "Kai, ɗan Zakka, ka kiyaye ni. Ina daka dame guda kafin uwarka ta gama wanke maka ido."

Ya ce, "A baki."

Sai ta gyara tsayuwa. Ta ture hannuna. Ta ɗaga taɓaryar nan har sai da ta kusa taɓa rufin zaure, ta sauke da wani nishi da na sani tun ina yarinya.

Baba ya janye ƙafa yana cewa, "Wayyo, ta rama a kaina!" Ya zare munduwar ya ba ni, na sa mata.

Yatsan ya zagaya. Ya zo wurin ya faɗa ciki ya tsaya.

Ta daɗe a haka. Ba ta ce ta yi ba, ba ta ce an gode ba. Abin da ta ce shi ne, "Binta, akwai sauran furar nan?"

Na shiga ciki na dama mata. Kafin in fito Baba ya ɗaure buhunsa, wai yana so ya wuce kafin hanya ta yi shiru. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Daga ranar Inna ta koma cin abinci. Ba ta sake fita bakin hanya ba. Amma kada in yi muku ƙarya, ba ta taɓa cewa ta haƙura ba. Duk shekara in ruwan farko ya sauka sai ta ce, "Yanzu da a gida ne da an fita shuka." Gidana kuwa "gidan Binta" take kiransa, kamar baƙuwar da ta zo wankan jego. Ni kuma duk damina kunnena yana kan ƙyauren ƙofa.

Ku 'yan mata da ke karanta wannan, ku saurare ni. Kuna sayen abu mai ruwan gwal a leda, ku sa sau biyu, wuyanku ya yi kore, ku jefar ku sayi wani. Ɗan kunnen kakarku yana gindin akwati kun raina shi don ya yi baƙi. Wanda ya saba jefar da abu don ya tsufa, wata rana mutum zai jefar. Ku je ku buɗe akwatunan iyayenku, ku tambaye su labarin abin da ke ciki tun suna da bakin faɗa.

Ku kuma masu sana'a da kuke zuba dalma a cikin azurfar mutane kuna rantsuwa da Allah, ga wanda ya mayar da ƙura ya tafi. Ku ma za ku tafi.

Ganina da shi na ƙarshe, kasuwar da ta wuce ta sama. Na je sayen kayan miya na biya ta wurinsa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, yana tari irin wanda ba na so. Yana buga wa wani zobe zane, hannun yana ɗan karkarwa.

Na ce, "Baba, hannunka rawa yake."

Ya ce, "Ai ya rage mani aiki. Da sai na yi dabara zane ke fita a karkace, yanzu da kansa yake fita."

Na ce ba abin dariya ba ne. Na ce shekara nawa yana shaƙar hayaƙin gawayi, ga asibiti nan kusa, me zai hana ya je a duba ƙirjin? Na ce jiki amana ne, za a tambaye shi. Na yi masa faɗa sosai, a gaban teloli.

Ya bari na gama. Ya ce, "Alƙaliya, na amsa laifina. A ɗaga mani shari'ar zuwa kasuwa mai zuwa."

Sannan ya ce, "Yaya tana cin tuwo?"

Na ce tana ci, har da neman ƙari.

Ya ce, "Madalla. Ki ce mata ɗan Zakka yana gaishe ta, kuma har yanzu babban yatsan ƙafarsa bai manta da ita ba."

Kasuwar da ta biyo na leƙa, wurinsa babu kowa sai tokar gawayi. Teloli suka ce jikin ne ya hana shi fitowa. Na ce zan kira Saratu in ji. Ita ta riga ni.

Da na aje wayar ɗazu na daɗe a tsaye ina tunanin yadda zan gaya wa Inna. Na shiga na zauna a bakin katifarta na faɗa mata kai tsaye, don ba ta son kewaye-kewaye.

Ta yi salati. Sai ta fara laluben sandarta.

Ta ce, "Miƙo mani mayafina da takalmi."

Na ce, "Inna, ina za ki?"

Ta ce, "Zakka mana. Mutum ya zo har zaure don ni, ni in aika da baki? Kira Lawal ya nemo mota." Tana ɗaura mayafin ta ƙara da cewa, "Ki ce wa Nana ta jiƙa wake kafin mu fita. Mu yi gaisuwa mu juyo da wuri, ina so in yi la'asar a gida."

Na ce, "Wane gidan, Inna?"

Ta ce, "Gida nawa gare ni? Nan mana."

Yanzu haka tana zaure a zaune tana jiran motar, tana ta yi mini faɗa wai na tsaya danna waya. Don haka zan tsaya a nan.

Ya Allah, ga bawanka Iro ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya tsare amanar mutane har abin da ido ba ya gani, ka tsare shi daga azabar kabari da ta wuta. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Saratu da 'yan uwanta da mahaifiyarsu haƙurin rashinsa, ka rufa musu asiri. Ka zaunar da garuruwanmu lafiya.

Duk wanda ya karanta har ƙarshe, na roƙe ka don Allah, ka aje wayar na ɗan lokaci ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka sa shi a addu'arka in ka yi sallah. Mu kuma ku roƙa mana Allah ya kai mu Zakka lafiya ya dawo da mu lafiya.

In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.